Ranar da Heriyus Ya Je a Ture Shi

A garinmu, in ka ji mutum ya ce gobe zai je a ture shi, kada ka yi masa jaje, murna ake taya shi. Abin da yake nufi shi ne ƙarar da ya kai kan gona ta samu shiga. Haka kakanni suka bar mana, ba a shari'ar ƙasa sai an yi wis. Masu jayayyar su sa rana, su haɗu a bakin gona da shaidu, mai ƙara ya taka ciki, wanda ke riƙe da gonar ya ɗora masa tafin hannu a ƙirji ya ɗan tura, shi kuma ya ja da baya. Shi ke nan fa, ko ƙuda ba zai mutu ba. Amma daga nan mai ƙara ya samu abin faɗa a gaban alƙali: an fitar da ni da wis, ga waɗanda suka gani.

Kalmar 'yar ƙarama ce, sai dai aikinta da yawa. Kogi ya cika ya kwashe gada, mu ce wis ɗin ruwa ne. Giya ta kayar da ƙato, wis ɗinta ne. Sojoji su fasa ƙofar gari, wis. A dandalin shari'a ne kawai take tsukewa, can ba a kiran abu wis sai hannu ya sauka a jikin mutum ana kallo.

Heriyus ɗan Salwiyus ya san wis irin na soja, don a yaƙin Hisfaniya gashin kansa ya yi fari. Da aka kira shi yaƙin, ya bar gonar zaitun ta ubansa a hannun matarsa Pakiya, ita kaɗai, domin 'ya'yansu duk sun riga su tafiya tun suna ƙanana. Ya bar kuma maƙwabci, Fufiyus, mai gonaki har gindin dutse da bayi kamar tururuwa. Fufiyus mutum ne mai tumbi da sanyin murya, ba a taɓa jin ya yi wa ko jakinsa tsawa ba.

Da yanar ido ta fara rufe wa Pakiya gani, Fufiyus ne ya turo bayinsa su taya ta tsinkar zaitun. Shekara ta zagayo, su suka yi sassabe, su suka matse mai. Daga baya ya aiko da keken shanu aka kai ta gari wajen mai maganin ido, ya sa aka nema mata ɗaki a saman gidan masu wankin ulu. Kowa ya yi ta yaba masa. Idon dai bai buɗe ba, keken shanun ma bai dawo ɗaukarta ba. A cikin waɗannan shekaru dutsen iyaka, wanda ake shafa wa mai duk shekara ana ɗaura masa furanni, ya yi ƙafa ya tafi, babu wanda ya ga fitarsa.

Ranar da Heriyus ya dawo, Fufiyus rungume shi ya yi, har da hawaye.

"Maƙwabcina! Alloli sun dawo mana da kai!" Sai da ya share ido sannan ya ce, "Gona kuwa, ai ka san tamu ce tun asali. Babana ne ya ara wa babanka, sunansa aro. Na ga babu mai kula da ita, sai na karɓi abina."

Ƙarya ce tsagwaronta, duk tsofaffin garin sun sani. Amma ba a doki kowa ba, ba a fasa ƙofa ba, ba a ɗaga murya ba. Heriyus ya tsaya da hannuwan da suka saba da takobi, ya rasa inda zai sa su.

Abin da ya fi ci masa rai ba zaitun ba ne, Pakiya ce. A gidansu na gona makantarta ba ta hana ta komai, ƙafarta ta san dokin ƙofa, hannunta ya san inda randa take, ita da kanta ta jera duwatsu daga ƙofa zuwa rijiya tun idon yana ɗan gani. A gari kuwa ɗakin sama ne, da tsani ake hawa, ƙasa kuma randunan fitsarin da masu wanki ke tarawa don wanke ulu, warin yana hawowa dare da rana. Ba ta iya sauka sai an goya ta. Tari ya kama ta, kullum ramewa take. Abu ɗaya take roƙo, a mai da ita gida ta mutu kusa da murhunta. Heriyus ya riƙe hannunta ya rantse da gumakan gidansu zai mai da ita kafin zaitun ya nuna.

Alƙali daga Roma yake zuwa mana, sau ɗaya a shekara, ya yi 'yan kwanaki ya wuce. Da ya zo, Heriyus ya kai ƙara. Fufiyus ya miƙe a gaban jama'a ya ce shi mai biyayya ga doka ne, a sa ranar wis, zai zo.

Mai ba Heriyus shawara shi ne Nowiyus, abokinsa tun a soja, wanda yanzu yake sayar da dafaffen wake a bakin dandali. Wuni yake yana jin shari'o'in mutane, har ya ɗauki kansa rabin lauya.

"Kai, tsohon jaki, buɗe kunnenka," in ji Nowiyus, yana nuna shi da ludayi. "Abu biyu. Na ɗaya, a cikin gonar nan kada ka karɓi komai daga hannunsa, ko ruwa. Kana ci ka zama baƙo, ɗan aro, ka gaskata maganarsa da bakinka. Na biyu, hannunka a bayanka. Shi zai taɓa ka, kai ba za ka taɓa shi ba. Wanda ya ɗora hannu ba yadda al'ada ta ce ba, shi ya yi wis na gaske, ƙararsa ta bi ruwa."

"Wannan ai yaro ma zai iya," in ji Heriyus.

"Yaro zai iya. Kai nake tsoro."

Ranar farko suka je, Heriyus da Nowiyus da Ofiliyus, mai wankin da suke haya a gidansa, wanda aka roƙa ya zama shaida na biyu. Suka tsaya a bakin gona har rana ta ɗaga. Can sai ga Fufiyus yana ɗingishi, bawa yana riƙe da shi.

"Kash, 'yan'uwa, ku gafarce ni. Zan fito ke nan ƙafata ta bugi dokin ƙofa. Ku faɗa mini, wa zai fara wani abu a rana irin wannan?"

Babu wanda ya iya musu. A wurinmu wanda ya yi tuntuɓe a ƙofarsa komawa ciki yake ya zauna, Heriyus kansa da shi ne haka zai yi. Aka ɗaga zuwa ranar ƙarshe ta zaman alƙali, da sassafe, don a samu a komo gari kafin ya tashi.

Da safen ranar, Pakiya ce ta gyara masa babban mayafi da lalube. Mayafin ma na wani ne da ya kawo wanki, Ofiliyus ya ara masa. A gefen shimfiɗarta ga ƙunshi ta ɗaure tsaf, tufafinta da 'yan gumakan gida a ciki.

"Har kin ɗaure kaya? Ai yau turewa ce kawai, sai an yi shari'a."

"Bar ni da abina, ɗaurewar ma daɗi gare ta." Ta shafa ƙirjinsa ta daidaita mayafin. "In ya tura ka, kada ka tsaya masa kamar gungume, na san halinka. Ka ja da baya sosai shaidu su gani."

"Ke, mutanen Hisfaniya ma ba su ja da ni baya ba."

"To yau ka koya, maigida," ta ce, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Tun daga nesa suka jiwo ƙamshi. A ƙarƙashin itacen ɓauren da Salwiyus ya dasa da hannunsa, an kafa tebur. Ga ɗan alade gasasshe, ga gurasa mai zafi, ga cuku, ga tulun giya. Bayi sun tsaya can nesa, hannuwansu a sake, ko sanda babu mai riƙe da ita. An share gidan an buɗe ƙofarsa. Heriyus ya hango duwatsun Pakiya a jere har rijiya, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Ya taka cikin gonar, ya mai da hannuwansa baya, ya faɗi kalmomin da ake faɗa: ƙasar nan tasa ce, gadon ubansa, ya zo ya tsaya a kanta.

Fufiyus ya taso cikin farin mayafi yana murmushi.

"Lale, lale! Ku zauna, abinci zai huce."

"Ranka ya daɗe, ba cin abinci ya kawo mu ba. Ga ƙirjina."

"Ni? In ɗora hannu a ƙirjin da ya tare mashi saboda Roma? Haba, Heriyus! Gara hannun ya bushe!"

"Al'ada ce, kai ma ka yarda a gaban alƙali."

"Na yarda, kuma zan yi. Wa ya ce ba zan yi ba? Amma da yunwa? Mutum ya tako tun daga gari in tarbe shi da turi? Me za a ce da ni?" Ya juya ga shaidu. "Ofiliyus, zo ka ɗanɗana aladen nan, da zuma aka shafe shi."

Ofiliyus ya haɗiyi yawu, Nowiyus ya take masa ƙafa.

Haka aka tsaya. Fufiyus ya koma ya zauna yana ci a hankali, yana ba da labarin farashin mai, da ciwon gwiwarsa, da yadda Salwiyus yake ɗora shi a kafaɗa yana yaro. In Heriyus ya ce "ranka ya daɗe", sai ya ɗaga hannu ya ce, "Yanzu, yanzu, bari in gama wannan." Inuwar ɓauren tana ta tsukewa. Zufa ta jiƙe mayafin aro. Kowa a wurin ya san in rana ta karkata alƙali zai tashi, gobe kuma ya kama hanyar Roma.

Nowiyus ya gaji, ya ce da ƙarfi, "To mu dai mun gani, ya ƙi. Mu koma mu faɗa wa alƙali."

"Na ƙi?" Fufiyus ya dafa ƙirji. "Ofiliyus, tsakaninka da alloli, ka ji na ce na ƙi?"

Ofiliyus ya sunkuyar da kai, ya ce shi dai bai ji ba.

Nowiyus ya matso kunnen abokinsa. "Akwai maganin mai ƙi, doka ba ta bar shi ba. Amma sai an sake kiransa, an sa wata rana, an rantsar. Yau ba zai yiwu ba. Mu haƙura, baɗi mu kama shi."

Baɗi! Heriyus ya ji kalmar kamar an zuba masa ruwan sanyi. Ya tuna ƙashin kafaɗar Pakiya a bayansa in ya goya ta, yadda kowane wata take ƙara rashin nauyi. Wace baɗi?

Kamar Fufiyus ya ji abin da ke ransa, sai ya goge bakinsa ya ce, "Ni fa duk wannan abin kunya yake ba ni. Me muke yi da alƙali, mu da muke maƙwabta? Ga gida nan a share. Je ka ɗauko baiwar alloli yau ɗin nan, keken shanuna yana nan. Ku zauna yadda babanka ya zauna, da yardata. Ka ce 'na roƙa' kawai a gaban waɗannan, ka ci gurasa, magana ta ƙare."

Heriyus ya kalli ƙofar gidan. Kalma biyu, kafin faɗuwar rana Pakiya tana gaban murhunta. Amma mai aro ba shi da gobe, ranar da mai abu ya ga dama ya ce tashi, sai tashi. Kuma in ya faɗa, ya mai da ubansa maƙaryaci a kabarinsa, ya ce Salwiyus ɗan aro ne duk rayuwarsa. Kalmar ta ƙi fita.

Abin da ya fito wani roƙon ne daban. Tsohon soja, mai furfura, ya durƙusa a kan ƙasar ubansa.

"Ranka ya daɗe, na roƙe ka ka ture ni. Don girman alloli. Yatsa ɗaya ma ya isa. In alƙali ya ce taka ce, na bar maka, ba za ka sake jin bakina ba. Ka bar ni dai in kai maganata inda za a ji. Ka ture ni."

"Tashi, tashi, kana karya mini zuciya," in ji Fufiyus. Ya taso ya tsaya dab da shi, ya miƙo hannunsa mai laushi kamar zai ɗaga shi, amma bai taɓa shi ba. Hannun ya tsaya a iska, tazarar da ke tsakaninsa da ƙirjin Heriyus ba ta kai taƙi ba.

"Heriyus, hannunka!" Nowiyus ya yi ihu.

Ina! Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Heriyus ya miƙe, ya cafke wuyan hannun nan da hannu biyu, ya manna shi a ƙirjinsa yana cewa, "Tura! Ga shi nan, tura!" Bai doke shi ba, bai ko girgiza shi ba. Amma Fufiyus ya saki jiki ya sulale, a hankali, ta wajen da ciyawa ta fi laushi. Gwiwar hannunsa ta ja tulun giya, ja ya malale a farin mayafi. Yana kwance ya ɗaga hannun sama, ga shatin yatsun soja a fatar da ba ta taɓa riƙe fartanya ba.

Ko a lokacin bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Kun gani ko?"

Sun gani. Shaidun da Heriyus ya kawo da ƙafarsa, su suka gani.

A kan gadon ɗauka aka kawo Fufiyus gari, an naɗe masa hannu har kafaɗa. Alƙalin matashi ne, hankalinsa ya riga ya kama hanyar Roma. Aka rantsar da Nowiyus da sunan Yufita, babban abin bautarmu.

"Wa ya fara ɗora hannu a kan wani?"

"Ranka ya daɗe, ai roƙonsa yake yi, tun safe mutumin nan yake ja mana rai, har durƙusawa..."

"Ban tambaye ka wa ya durƙusa ba. Wa ya fara ɗora hannu?"

Nowiyus, mai bakin da ba ya shiru, ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya rantse, kuma yana da jikoki, rantsuwar ƙarya kuwa har su take bi. Da ƙyar aka ji shi ya ce, "Heriyus."

Alƙali ya ce wanda ya je neman wis na al'ada ya ɓuge da yin na gaske ba shi da bakin ƙara, gona ta zauna inda take. Fufiyus ya ɗago daga gadonsa ya ce shi ya yafe, ba ya neman a ci tsohon soja tara, yaƙi ne ya taɓa shi. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai, kai, mutumin nan akwai haƙuri. Sai ya ƙara da cewa maganar gidan da ya so ya ara masa ce dai ba za ta yiwu ba yanzu, kowa ya ga abin da ya faru, shi ma yana tsoron ransa. Tir! Shekaru ana cin mutum da murmushi ba a samu sunan da za a kira abin ba, shi ya riƙe hannu sau ɗaya, nan take aka samo suna.

Heriyus ya mayar wa Ofiliyus mayafinsa a ƙasa, ya hau tsani. Rana ta yi sanyi. Pakiya tana zaune a bakin shimfiɗa, ƙunshinta a cinya, ta juyo da fuska wajen motsinsa.

"Maigida? An ture ka?"

Ya tsaya a gabanta. Ya so ya yi mata ƙarya, ko ta kwana ɗaya, amma bai iya ba. Ya faɗa mata duka, da aladen, da durƙuson, da hannun, har da tayin gidan da ya ƙi karɓa. Bai rage komai ba.

Daga ƙasa ana jin masu wanki suna tattaka ulu a cikin ruwa.

"Duwatsuna suna nan?" ta tambaya.

"Suna nan. Har rijiya."

"Ni ko aron ne da na karɓa, Heriyus," ta ce, ba da faɗa ba. "Kwana nawa zan yi ina aron?"

Ya tsaya kawai, hannuwansa a baya, yanzu da hakan ba shi da amfani.

Ta ajiye ƙunshin, ta miƙe da lalube har tafin hannunta ya samu ƙirjinsa. Ta bar shi nan kaɗan, sannan ta ɗan tura, turin da ko jariri ba zai kayar ba.

"Haka ake yi?"

"Haka ake yi."

"Shi ke nan abin? Wannan ɗan abin?"

"Shi ke nan."

Ya ja da baya yadda ta koya masa da safe, sai bayansa ya bugi bango, ɗakin ba shi da wurin ja da baya. Pakiya ta koma ta zauna, ta jawo ƙunshin, ta fara kwance ƙullin da haƙori don ta ɗaure shi da ƙarfi sosai. Ta fito da gumakan gida ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa masa, ta ce ya mai da su kan taga inda suke.